Kimiyyar bayanai a manyan makarantun Maraɗi: tambayoyin ɗalibai, iyaye da malamai

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi yawo a bakin ɗalibai, iyayensu da malamansu duk lokacin da aka tayar da zancen koyar da kimiyyar bayanai a Maraɗi. Ra'ayina ba a ɓoye yake ba: a makarantar da ba ta da yalwar kayan aiki, hanyar da ta fi dacewa ita ce a ba ɗalibai tambaya ta gaske daga garinsu, su nemo amsarta da hannunsu.

Malam, mece ce kimiyyar bayanai, kuma ina bambancinta da ƙididdigar da aka saba koyarwa?

Ilimi ne na tattara alƙaluma, a tsabtace su, a binciko abin da suke nunawa, sannan a faɗa wa mai buƙata ta yadda zai yanke shawara. Abu uku ne suka haɗu a cikinsa: ƙididdiga, iya ba kwamfuta umarni, da sanin fagen da alƙaluman suka fito, noma ne, lafiya ce ko kasuwanci. A darasin ƙididdiga na aji, malami kan ba ka lambobi 20 da aka riga aka gyara, ya ce ka fitar da matsakaici. A nan kuwa kai za ka je ka samo lambobin, kuma za ka tarar da su a hargitse.

Me ake nufi da koyo ta hanyar aiki?

A maimakon a kwashe shekara ana cika littafi da darasi, a yi jarrabawa, a manta, sai a raba ɗalibai rukuni-rukuni, mutum 3 ko 4, kowane rukuni da tambayarsa. Darasin yana zuwa ne lokacin da aikin ya buƙace shi. Ranar da rukuni ya rasa yadda zai kwatanta farashin kasuwanni biyu, ranar ce malami zai koyar da dabarar kwatanci, kuma ranar ce kunne zai buɗe. Haka yaron tela ke koyo: ba a karanta masa tarihin keke, ana miƙa masa wando ne a ce ya kama kalmasa.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba cewa nake a jefar da darasin allo ba. Wanda bai san mene ne samfuri ba, bai san yadda sa'a kaɗai kan haifar da bambanci tsakanin lambobi ba, zai zana jadawali mai kyan gani da ke faɗin ƙarya. Darasin na nan, wurin zamansa ne ya sauya.

A ba mu misalin aiki guda, daga farko har ƙarshe.

Mu ɗauki hatsi. Tambayar rukuni: a wane wata ne tiyar gero ta fi tsada a Maraɗi, kuma tsadar tana fara bayyana a nan ne ko a Tasawa, Mayahi da Dakoro? Kowa ya san farashi na faɗuwa da kaka, yana hawa idan rumbuna sun yi ƙasa a tsakiyar damina. Amma hawan nawa ne? Daidai yake kowace shekara? Wannan kowa bai sani ba.

Mako na farko ba a taɓa kwamfuta. Ɗalibai za su zauna su tsara takardar tambaya, su yarda a kan abin da za su auna. Tun a nan rigima ke farawa, kuma rigima ce mai amfani. Ana lissafa buhu mai kilo 100 a kan tiya 40, wato tiya guda kusan kilo biyu da rabi, amma tiyar wannan ma'auni ba lalle ta yi daidai da ta maƙwabcinsa ba, kuma akwai mai tsoro, akwai shafaffiya. Farashin mai saye ɗaiɗai za a rubuta ko na mai sari? Na safe ko na lokacin da kasuwa ta kusa watsewa?

Sai batun kuɗi, wanda ya sha kayar da masu haɗa alƙaluma a ƙasar nan. Mai awo zai ce "ɗari da hamsin", yana nufin dala, wato sefa 750. Ɗalibi guda zai rubuta 150, abokinsa ya rubuta 750, na ukun da ya je wajen Ɗan Isa, kusa da iyaka, ya dawo da farashi a naira. Idan aka zuba su duka a layi ɗaya, kwamfuta ba za ta yi gardama ba. Za ta fitar da matsakaici, kuma matsakaicin banza ne. Haka sunayen garuruwa: wani ya rubuta Tasawa, wani Tessaoua, wani Gidan Runji, wani Guidan Roumdji, manhaja ta ɗauka garuruwa huɗu ne. Gyaran irin waɗannan shi ke cin mafi yawan lokacin ma'aikacin bayanai a ko'ina cikin duniya, kuma babu littafin da zai koya maka shi kamar yadda kuskuren rukuninku zai koya maka.

Bayan nan sai a nemo tsofaffin farashi daga rahotannin SIMA, tsarin da ke bibiyar kasuwannin amfanin gona a Nijar, a jera su wata-wata, a zana. Wanda ya koma baya har 2005 zai ga abin da iyayenmu ba su manta ba: bayan fari da fārin ɗango na 2004, hatsi ya yi tsadar da talaka ya kasa saye duk da akwai shi a kasuwa, cibiyoyin kula da yara masu tamowa a Maraɗi suka cika. Ɗalibin da ya ga wannan hawan a jadawalin da ya zana da kansa ya gane dalilin da ya sa ake bibiyar farashi, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Mataki na ƙarshe, rukunin ya tsaya gaban mutane ya faɗi abin da ya gano cikin minti 10, har da abin da alƙalumansa ba su isa su tabbatar ba.

Ba ni da kwamfuta, wuta na ɗaukewa, kuɗin intanet ya fi ƙarfina. Ashe ba na ƴaƴan masu hali ba ne wannan karatu?

Matsala ce ta gaske, ba zan rufe ta da daɗin baki ba. Sai dai ba ta kai yadda ake zato ba. Kwamfuta ɗaya, ko da ta hannu ce tsohuwa, ta ishi rukunin mutum 4 idan an yi karɓa-karɓa da adalci. Tattara bayanai kuwa da salula ake yi: manhajojin cika takardun tambaya irin su KoboToolbox da ODK suna aiki a wayar Android ba tare da rezo ba, ka cika takardun a ƙauye, ka aika idan ka dawo gari. R da Python na nazarin alƙaluma, QGIS na zana taswira da LibreOffice na jadawali duk kyauta ne, kuma idan an girka su sau ɗaya ba su neman intanet. Makaranta ta sauke su a kile guda, tare da bayanan da za a yi aiki da su, a riƙa zagayawa da shi. Abin da zan gargaɗi malami a kai shi ne kada ya gina darasinsa kacokan a kan Google Colab, shafin rubuta umarnin kwamfuta a intanet, ko wani abin da sai da rezo. Ranar da rezo ya ƙi, aji ya tashi.

Idan makaranta na da ɗan kuɗi, ni dai zan ce ta fara da faranti mai hasken rana da batir na ɗaki guda kafin ta ƙaro kwamfutoci.

Bak A na yi, lissafi ba ya shiga kaina. Da ni a ciki?

Da ke, ƙanwata. Matakin farko ba ya neman fiye da kaso cikin ɗari, matsakaici, da karanta jadawali. Wanda ya yi bak C ko D zai riga ki a wasu wurare, ke kuma sau da yawa za ki riga shi wajen tsara tambaya da rubuta bayani mai ma'ana. Amma idan kina son yin nisa har ki riƙa gina manhajojin hasashe, dole ki koma ki zauna da aljabara da lissafin yiwuwa. Babu hanyar ratse.

Excel, R ko Python?

Fara da jadawalin Excel ko na LibreOffice har sai ya yi maka kaɗan. Daga nan ka ɗauki wanda malaminka ya iya, don shi za ka tambaya idan ka maƙale. Masu noma da lafiya sun fi karkata ga R, masu informatik ga Python. Gardamar wanne ya fi ɓata lokaci ce.

Ina za mu samu bayanai? Ai an ce ƙasarmu ba ta da alƙaluma.

Tana da su, ba a dai saba buɗe su a aji ba. INS, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, ta wallafa sakamakon ƙidayar 2012, wadda ta nuna Nijar na da mutum miliyan 17 da ɗoriya, jihar Maraɗi kuma miliyan 3 da dubu 400. Akwai binciken yanayin rayuwar iyalai na 2018 zuwa 2019 da aka yi a ƙasashen UEMOA, wanda ake samu a rumbun Bankin Duniya bayan an yi rajista. Don ruwan sama akwai CHIRPS, na jami'ar Kalifoniya da ke Santa Babara, wanda ya faro daga 1981, da kuma rahotannin cibiyar AGRHYMET da ke Yamai. Hotunan tauraron ɗan Adam na Landsat sun zama kyauta tun 2008, na Sentinel-2 kuma suna zuwa tun 2015. Ma'aikatar lafiya tana tara alƙaluman likitoci a manhajar DHIS2, wadda jami'ar Oslo ta ƙera, amma wannan sai da izini a rubuce. A nan kusa, cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna ta daɗe tana gwaje-gwaje a kan gero da wake.

Sannan ga waɗanda babu wanda ya tara: kuɗin kabu-kabu daga Ali Ɗan Sofo zuwa babbar kasuwa a sa'o'i daban-daban, inda ruwa ke kwanciya a unguwanni da damina, buhunan aya da riɗi da ke shigowa gari. Waɗannan ɗalibin Maraɗi ne kaɗai zai iya samo su da ƙafarsa, kuma a nan ya fi na Faransa ko Amurka dama.

Mu ɗaliban noma ne. Akwai aikin da ya shafe mu ban da farashi?

Akwai wanda duniya ta san Maraɗi da shi. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ke aiki a yankin nan, ya lura cewa kututturan da manoma ke sassabewa kowace shekara suna da rai, idan aka bar reshe ɗaya ko biyu aka kula da su za su zama itace. Manoma suka karɓi abin, suka inganta shi, shi ne sassaben zamani. Masu bincike da suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da sababbi sun ƙiyasta kusan hekta miliyan 5 da itatuwa suka dawo a kudancin ƙasar, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Ɗan Saga, a yankin Agye, na cikin ƙauyukan da suka yi suna a kai.

Rukuni zai iya ɗaukar ƙauye guda ya tambaya: itatuwan na ƙaruwa har yanzu ko sun fara raguwa? Zai ci karo da darussa biyu masu daɗi. Na farko, ɗigo ɗaya a hoton Landsat murabba'i ne mai mita 30 kowane gefe, na Sentinel-2 mita 10, don haka ƙaramin itace ɓacewa yake yi, dole a je gona a ƙirga da ido don a gwada abin da hoton ya ce. Na biyu, gawo na kaɗe ganyensa da damina ya yi kore da rani. Wanda ya zaɓi hoton watan Agusta gero zai auna, ba gawo ba. Ɗan manomi ya san haka tun yana yaro, kuma wannan sanin ne zai ceci aikin.

Ni malami ne. Makarantarmu ba ta da ƙwararre a fannin. Ta ina za mu fara?

Wannan ita ce babbar matsalar, ta fi ta kwamfuta. Tun farkon shekarun 1970 har zuwa 2008, ɗan Maraɗi da ke son jami'ar gwamnati sai ya kama hanyar Yamai, fiye da kilomita 600. An buɗe IUT, cibiyar koyar da fasaha ta jami'a, a nan a 2008, jami'ar da yau ke ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo ta tsaya da ƙafarta a 2010, ga kuma makarantu masu zaman kansu. Duk sababbi ne, malamai kaɗan, ɗalibai da yawa. Jiran ranar da za a buɗe sashe na musamman da daktoci biyar jira ne mai tsawo.

Shawarata, abokin aiki, kada ku ƙirƙiri sabon sashe. Ku shigar da aiki guda cikin darasin da ke akwai, na ƙididdiga, na informatik ko na dabarun bincike. Malamai biyu su haɗu, mai lissafi da mai fage, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba sai kun rubuta komai daga tushe ba: jami'ar Bakali a Amurka ta fara darasin Data 8 a 2015 don ɗaliban da ba su taɓa rubuta umarnin kwamfuta ba, ta kuma saki kayansa kyauta, ƙananan makarantu da dama suka ɗauka suka daidaita da halinsu. Ku ɗauki tsarin, ku zubar da misalan, ku sa namu. Ɗaliban da suka gama bana su ne mataimakan baɗi, ko da takardar shaida kawai za a saka musu da ita.

Kuma ku rage buri. Tambaya ƙarama da aka kai ƙarshenta cikin mako 8 ta fi babba da aka bari a rabi saboda yajin aiki ko jinkirin shekara.

A aikin rukuni mutum ɗaya ke wahala, sauran su kwashi maki. Yaya za a hana?

Ba za a hana gaba ɗaya ba, amma za a rage. Kowane mako a sauya mai riƙe da kwamfuta. Rabin maki na rukuni, rabi na mutum, kuma na mutum a baki ake samun sa: malami ya nuna layi guda ya ce wa Habsu ko Sani, "Me ya sa kuka cire wannan lamba?" Wanda ya yi aikin ba ya inda-inda. A kuma lura da wata ɗabi'a da ke shigowa ba sallama, inda samari ke kama madannai, a bar wa ƴan mata rubuta rahoto.

Ni uba ne. Ɗiyata na son wannan karatu, amma ban yarda da yawon ƙauyuka da kwanan waje ba.

Alhaji, damuwarka a kan hanya take, musamman da yake wasu yankunan kan iyaka ba su da kwanciyar hankali a shekarun nan. Babu aikin makaranta da ya cancanci a kai yaro inda ake tsoro. Ayyuka da yawa ana gama su cikin gari da rana, wasu ma daga aji. Idan za a fita, haƙƙinka ne ka san inda za a je, da wa, da lokacin dawowa. Abin da zan ƙara shi ne, akwai tambayoyin da mace kaɗai za ta shiga gida ta yi, kamar na shayarwa, abincin yara da sana'o'in cikin gida irin su ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Idan babu irin ɗiyarka a fannin, rabin garin ba ya shiga lissafi.

Ya halatta mu riƙa rubuta sunayen mutane da lambobin wayarsu?

Sai da larura, da yardarsu, kuma a cire su kafin a fara bincike. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita. Amma tun kafin doka akwai amana. A ƙauye ba sai an rubuta suna ake gane mutum ba: "bazawara mai shekara 40, mai ƴaƴa 6, maƙwabciyar masallaci" ta riga ta bayyana. A gaida mai gari, a faɗa wa mutane gaskiya cewa aikin makaranta ne, babu tallafin da zai biyo baya. In ba haka ba za su amsa yadda suke zaton mai rabon kaya ke son ji, ku dawo da alƙaluman da ba su da amfani. Kada a tura rajistan marasa lafiya a WhatsApp, ko da tsakanin ƴan rukuni ne.

Da wane harshe za a koya?

Karatu da Faransanci yake, umarnin R da Python da yawancin bayanansu da Ingilishi, mutanen da za a tambaya kuma Hausa ko Fulatanci ko Tamajak suke ji. Ingilishin da ake buƙata a farko kaɗan ne, ana tsintarsa a hanya. Wanda aka fi rainawa shi ne fassara takardar tambaya. Idan ba a zauna an yarda a kan Hausar kowace tambaya ba, kowane ɗalibi zai fassara tasa a bakin ƙofa, a tashi da tambayoyi huɗu a rigar guda ɗaya. Misali, "iyali" masu cin tukunya ɗaya ake nufi ko duk mutanen gidan?

Tunda ChatGPT na rubuta umarnin kwamfuta, me ya rage mu koya?

Yana rubutawa, kuma ban hana a yi amfani da shi ba, muddin ɗalibi zai iya bayyana kowane layi. Sai dai bai je kasuwar Mayahi ba. Ba zai san 150 ɗin nan dala ce ba sai ka faɗa masa, kuma idan ya yi kuskure da cikakken ƙarfin hali yake yi.

Akwai aikin yi a bayansa?

Ban yi wa kowa alkawari ba. Ba kasafai za ka ga sanarwar neman ma'aikaci da sunan wannan fanni a Maraɗi ba. Abin da ake nema shi ne mai bibiya da tantance ayyuka a ƙungiyoyi, mai kula da bayanai a gundumar lafiya, mai tattara bayanai a manyan bincike, mai lissafin kaya a wajen manyan ƴan kasuwa da kamfanonin aika kuɗi. A duk waɗannan, wanda ya zo da aikin da ya gama a hannu, da taswirarsa da jadawalinsa, ya fi wanda ya zo da takarda kaɗai. Mai son ci gaba ya duba cibiyoyin AIMS na ilimin lissafi, da aka fara a Afirka ta Kudu a 2003, suke da rassa a Senegal, Gana, Kamaru da Ruwanda, ko ya gwada ƙarfinsa a gasannin Zindi, dandalin gasar kimiyyar bayanai na Afirka a intanet.

Idan an gama aikin, a ajiye shi a kabad ɗin makaranta kamar sauran memuwar?

A'a. A mayar wa waɗanda suka ba da amsa. Idan farashin hatsi ne, a je wajen sarkin kasuwa ko ƙungiyar manoma da shafi ɗaya, zane ɗaya, a yi bayani da Hausa, a saurari gyaransu, don sau da yawa za su nuna dalilin wani hawa ko faɗuwa da ɗalibai suka kasa ganewa, kamar rufe iyaka ko faɗuwar naira. Sannan a adana bayanan da aka tsabtace a wuri biyu, kile da kwamfutar sashe, tare da takarda mai faɗin ranar da aka tattara su, kasuwar da aka je, awon da aka yi amfani da shi, da ko dala aka rubuta ko sefa, domin rukunin baɗi ya ɗora daga watan da na bana ya tsaya.